Zango ɗaya a Jamus: abin da nake gaya wa masu shirin tafiya

Ranar Asabar 30 ga Satumba, 2023, bayan la'asar, na sauka a babbar tashar jirgin ƙasa ta Kolon da akwati biyu da jakar goyo. Ina fitowa na yi kiciɓis da baƙar majami'ar nan mai hasumiya biyu, tsayinta mita 157, na ɗaga kai har gyalena ya zame. Wata ɗaliba da ofishin kula da baƙin ɗalibai ya haɗa ni da ita ce ta tarbe ni, ta raka ni ɗaki, ta miƙa mini makulli, ta ce sai Litinin. Da gari ya waye na ɗauki jaka na fita cefane. Na taka unguwar tun daga farko har ƙarshe, ko kanti ɗaya babu a buɗe. Ashe a Jamus doka ce ke rufe kantuna ran Lahadi. Garin kwaki da ƙuli-ƙulin da Umma ta cusa mini a gefen akwati, ina ta mita wai kaya sun yi nauyi, su na jiƙa na sha da rana, na ƙara da dare. Ran Talata kuma 3 ga Oktoba, hutun tunawa da haɗewar Jamus, aka sake garƙamewa.

Tun da na dawo ƙannenmu na sashe ke tare ni a hanya. Wannan ta ce an zaɓe ta musayar ɗalibai, waccan ta ce tana kan nema, Anti me za ki gaya mana. Na gaji da maimaitawa a tsaye cikin rana, shi ya sa na zauna na rubuta. Da "ki" zan yi magana don yawancin masu tambayata mata ne. Maza ku karanta a haka, ba abin da zai ragu a jikinku.

Ki fara da ƙirga kwanakinki. A takarda zangon hunturu na Jamus daga 1 ga Oktoba ne zuwa 31 ga Maris, wata shida cif. Amma lakca ba ta farawa sai wajen mako na biyu na Oktoba, ta ƙare a farkon Fabrairu, a tsakiya kuma a cire mako biyu na hutun Kirsimeti. Wadda ta je digiri na shekara uku tana iya ɓata wata biyu tana kuka a ɗaki ta farfaɗo daga baya. Ke ba ki da wannan sararin. In kika ce sai kin saba sannan ki fara rayuwa, kina sabawa za ki ga lokacin haɗa kaya ya yi.

Kafin ki bar gida

Akwai takardar yarjejeniyar kwasa-kwasan da za ki ɗauka a can, wadda jami'arku da tasu za su sa wa hannu. Cikakken zango a Turai kiredit 30 ne a ma'aunin da suke kira ECTS. Ki zauna da shugaban sashenku da jami'in jarrabawa, kwas bayan kwas, a rubuta wanne ne zai maye gurbin wanne a gida, a sa hannu, a buga hatimi, ki yi kwafi uku. Ni da baki aka amince mini da kwas ɗaya. Kafin in dawo wanda ya amince ɗin ya tafi hutun bincike, wanda ya gaje shi ya ce bai san zancen ba, kuma bai yi ƙarya ba. Na maimaita kwas ɗin tare da 'yan ajin ƙasa da ni.

Kuɗi kuma, ko da tallafi kika samu, ba ya shigowa sai kin buɗe asusun banki a can, asusun kuma ba ya buɗuwa a rana ɗaya. Ki riƙe tsabar Yuro da za ta kai ki mako uku ko huɗu. Wadda ba ta da tallafi, sai ta nuna wa ofishin jakadanci kuɗin da ta kulle a wani asusu na musamman kafin a ba ta biza, kuma daga Satumban 2024 lissafin Yuro 992 ne a kowane wata. Masauki shi ne babban ciwon kai a Kolon. Ki nemi ɗakin kwanan ɗalibai ranar da aka ba ki gurbi, kada ki jira biza. Ni ban samu ba, sai na karɓi ɗakin wata ɗaliba da ita ma ta tafi zango a Sifaniya, a gidan da mu huɗu ke haɗa kicin da banɗaki. Duk wanda ya ce miki yana wata ƙasa, ki turo kuɗi ya aiko miki da makulli, ɗan damfara ne.

A akwati, ki ba garin kuka, busasshiyar kuɓewa, daddawa, yaji, kanwa da man kaɗe wuri kafin ki ba atamfa. Daddawar ki naɗe ta leda uku ki sa a roba mai murfi, in ba haka ba har takardun makarantarki za su yi ƙamshin miya. Kilishi, dambun nama da man shanu kuwa ki bar su. Doka ta hana shiga ƙasashen Tarayyar Turai da nama ko kayan madara daga waje. Na gaya wa Umma haka, ta ce:

"'Yar nan, kilishin ma? Ai busasshe ne."

Ta ɓoye shi a cikin zani duk da haka. A filin jirgi na Abuja na gano, na miƙa wa Yaya, ya cinye rabi kafin in wuce shingen bincike.

Kada ki sayi rigar sanyi mai tsada a gida. Suwaita biyu da safa masu kauri sun isa ki sauka da su a Oktoba, sauran ki saya a can, a gwanjo ma in kin so. Sanyin Kolon na ruwa ne da iska, kwanaki a jere ana yayyafi, don haka rigar da ba ta shan ruwa da takalmi mai rufi sun fi miki bargon da za ki yafa. Ki kuma sayi ƙaramar buta ta roba. Banɗakinsu takarda ce kawai.

Mako biyun farko na takardu ne

Kalmar Jamusanci ta farko da za ki haddace ita ce Termin, wato rana da sa'ar da aka yanka miki a ofis. Ba a faɗa wa ofis haka kawai a ce an zo gaisuwa da 'yar buƙata. Kuma takardun sarƙa ne, kowace na riƙe da ta gabanta. Mai gida zai cike miki takardar shaidar cewa kin tare a gidansa. Da ita da fasfo za ki je ofishin rajistar mazauna gari ki yi abin da suke kira Anmeldung, doka ta ce cikin mako biyu da tarewa. Da takardar rajistar yawancin bankuna za su buɗe miki asusu. Inshorar lafiya dole ce kafin jami'a ta kammala miki rajista, a lokacinmu wajen Yuro 120 ne a wata ga ɗalibin da bai kai shekara 30 ba. Sai kuɗin zango, a lokacinmu wajen Yuro 300, wanda ba kuɗin makaranta ba ne, a cikinsa ne tikitin hawa bas da tiram, wato ƙaramin jirgin ƙasa na cikin gari, yake. Ki riƙa yawo da tikitin. Babu kwandasta a ƙofa, amma ranar da masu bincike suka shigo suka same ki babu shi, tarar Yuro 60 ce, kuma "na manta a ɗaki" ba ya sa su fasa rubutu.

Abu ɗaya ƙarami da ya ci mini kwana goma: sunanki a jikin akwatin wasiƙu. Mai raba wasiƙa a Jamus sunan da ke jikin akwati yake bi, in bai gani ba ya mayar. Katin bankina sau biyu yana komawa ina zaune ina jira. Ranar da kika tare ki yanki takarda ki rubuta sunan da ke fasfonki a matsayin sunan iyali, ki manna. Kuma duk wasiƙar da ta zo ki buɗe ta ran nan, ko ba ki gane ba, ki ɗauki hotonta ki fassara, ko ki kai wa maƙwabciya. Mutanen nan komai a takarda suke yi, komai kuma da wa'adi. Za a aiko miki da ta harajin rediyo da talabijin, Yuro 18.36 a wata. Kada ki yi saurin biya, kada kuma ki jefar. Kuɗin na gida ne gaba ɗaya, ba na kowane kai ba, ki tambayi abokan zamanki lambar wanda ke biya, ki cike ki mayar, ku raba kuɗin.

Ɗaki da kicin

Baƙo makaho ne ko da idonsa, kuma a cikin ɗaki na fara gane haka. Na murɗa hannun taga sama, sai ta kwanto mini daga kai, na riƙe ta da hannu biyu ina salati na ɗauka na ɓalle ta. Haka ake yinta. Hita tana da lamba 1 zuwa 5, ki bar ta a 3. Kullum safe da yamma ki wangale taga minti biyar zuwa goma ko da ana sanyi, in ba haka ba fumfuna ta kama bango, a cire kuɗin gyara daga kuɗin ajiyar da kika ba mai gida lokacin kama ɗaki. Daga ƙarfe 10 na dare a yi shiru. Muryar da muke waya da ita a gida, a can ihu ce. Wata 'yar Poland da ke ɗakin kusa da nawa ta taɓa ƙwanƙwasa mini ƙofa ta tambaya ko lafiya, wa nake faɗa da shi, alhali hira muke da ƙawata muna dariya.

Shara kashi-kashi ce: takarda daban, leda da gwangwani daban, ragowar abinci daban, kwalba a kai ta manyan tankuna a bakin titi bisa launinta. Robar ruwa da ta lemo kuwa kuɗi ce, senti 25 kowace. Ki tara ki zura a na'urar bakin kanti ta ba ki rasit. Ruwan famfo ana sha. In kuma za ki sayi na roba, ki duba kalmar still, don na farkon da na saya mai gas ne, na kurɓa na furzar. A kanti ki je da jakarki, ki tanadi tsabar Yuro ɗaya ta kwance amalanken sayayya, ki kuma shirya hannu, don mai karɓar kuɗi watso kaya take kamar ana korarta, na bayanki kuma na kallon agogo.

Yanzu abinci, inda na fi so mu daɗe. Kalmomi huɗu ki haddace don ki guje su: Schwein alade ne, Schinken da Speck namansa ne da aka sarrafa, Gelatine kuma tana ɓuya a alawa da wasu kayan zaƙi. Nama ki saya wurin mahautan Turkawa, suna nan birjik a Ehrenfeld da titin Keupstraße na unguwar Mülheim. A kantin abincin jami'a, Mensa, kullum akwai abin da babu nama, kuma da katin ɗalibi ya fi ko'ina araha. Amma cikin Bahaushiya ba ya yarda ya ci abinci sai ya ga tuwo, to ga abin da na gano. Shinkafar da suke kira Milchreis, gajera mai danƙo da suke dafawa da madara, ita ce shinkafar tuwo, tana tuƙuwa lumui. Grieß shi ne samo. A Oktoba da Nuwamba kabewa ta cika kantuna, wata ƙarama ja, ki haɗa ta da alayyahon firiza da cokali biyu na man gyaɗar shafa burodi marar sukari, ki jefa daddawarki, ga taushe. Zoɓo na nan a shagunan Larabawa da sunan karkade. Manja, doya da attarugu sai shagunan 'yan Afirka.

A ɗaya daga cikin waɗannan shagunan ne, a mako na uku, ina juya ƙullin kuɓewa ina magana ni kaɗai cewa wannan tsada har ina, na ji an ce daga bayana:

"Ƙanwata, daga ina?"

Wata mata ce 'yar zangon Kumasi, shekararta ashirin da wani abu a Jamus. Ban san lokacin da hawaye ya zubo mini ba. Ta ba ni lambarta, ran Lahadi na je gidanta na ci shinkafa da wake irin tasu. Hausawa na nan a yankin, na Gana da Togo da Nijar da namu, ga kuma ma'aikatan sashen Hausa na DW a Bonn, tafiyar rabin sa'a a jirgi. Ki buɗe kunne a shago da masallaci.

Ki dafa da yawa ran Lahadi, tunda ba inda za ki, ki kuma zuba wa abokan zamanki. Mu a gida ba a cin abinci a gaban mutum ba a ce bismillah ba. Su kowa da shiryayyen ɓangarensa a firji, har man girki kowa da nasa. Na ɗauki abin rowa da farko. Daga baya na ga tsari ne kawai, kuma faranti ɗaya na dafa-duka ya buɗe bakin Bajamushen gidanmu da ya yi mako biyu ba ya ce mini komai sai Hallo. Ki dai rage yaji. Ya sha ruwa kofi uku yana cewa da daɗi.

A aji

Ranar farko da malama ta gama lakca sai na ji aji ya ɗauki ƙwanƙwasa tebur da bayan yatsu. Na zabura. Ashe tafinsu ke nan. Na tashi da sauri zan karɓar mata jaka kamar yadda muka saba, ta riƙe abarta gam tana kallona da mamaki. Ba a karɓar jaka, ba a rusunawa, kuma ana kallon malami cikin ido. Sunkuyar da kai da muke yi don ladabi, su sai su ɗauka ba ki yi karatun ba ne.

Yawancin azuzuwan tattaunawa ne. Za a ba ki shafi talatin ko arba'in ki karanta kafin ki zo, a zauna a yi ta musu a kai, ɗalibi ya ce wa farfesa bai yarda ba, farfesa ya ji daɗi. Na yi mako uku ban ce uffan ba. Dabarar da ta fisshe ni: kafin kowane aji in rubuta tambaya ɗaya a takarda, in yi ta a cikin minti ashirin na farko kafin tsoro ya taru. Za a kuma ba ki ranar da za ki gabatar da batu a gaban aji. Ki zaɓi ta Nuwamba, kada ki bari duk su taru miki a Janairu.

Da na ga kalmar Hausarbeit a jadawali na yi murna, na ce to, har da aikin Hausa. Ba ruwanta da mu. Doguwar takardar bincike ce, shafi goma sha biyar zuwa ashirin, da ake rubutawa bayan an gama lakca, a Fabrairu da Maris. In tikitin komawarki na kusa, ki je wurin malamar tun Disamba, a sa'ar ganin ɗalibai da kowane malami ke warewa a mako, ku daidaita batu da ranar miƙawa. Duk jimlar da kika ɗauko daga wani ki faɗi inda kika samo ta, ba sa wasa da wannan ko kaɗan. Sannan rajistar kwas daban, rajistar jarrabawarsa daban, kowace da ranar rufewa a shafin jami'a. Makinsu kuma a juye yake: 1.0 ne ƙololuwa, 4.0 tsallake rijiya da baya, 5.0 faɗuwa. Da na gaya wa Abba na ci 1.7 ya yi shiru, can ya ce, "Ɗaya da ɗigo bakwai cikin nawa, Mamana?"

Duhu

Kowa sanyi ya yi ta tsorata ni da shi. Ba wanda ya ambaci duhu. Lahadin ƙarshe ta Oktoba aka mayar da agogo baya da sa'a ɗaya, daga nan rana ta fara guduwa. Zuwa tsakiyar Disamba ba ta fitowa sai wajen 8:30 na safe, ta faɗi kafin 4:30 na yamma, a tsakani ma gajimare ne toka-toka, sai ki yi mako ba ki ga inuwarki ba. Ki shiga aji da duhu ki fito da duhu. Ga shiru. Ba kiran sallah, ba mai tallan ƙosai, ba almajiri, ba maƙwabciyar da za ta leƙo aron ludayi. A ƙarshen Nuwamba na yi kwana huɗu ban fita ba. Ba zazzaɓi, ba ciwon kai, jikina dai ya yi nauyi, in yi barci har azahar, in kwana ina kallon hotunan bikin da ake yi a gida ba ni. Na fara lissafin kuɗin sauya tikiti.

Abin da ya tashe ni ba wani babban abu ba ne. Na kafa wa kowace rana turaku, abubuwan da dole in yi ko ina so ko ba na so.

Na farko sallah, wadda ita ma sai da na sake mata lissafi. A Disamba azahar wajen 12:30, la'asar jim kaɗan bayan 2:00, magariba kafin 4:30, salloli uku cikin sa'a huɗu, duk a tsakiyar lakcoci. Ki sa manhajar lokutan sallah a waya, ki ajiye siririyar darduma a jaka, ki tambayi ƙungiyar ɗalibai Musulmi inda suke yi. Ni ƙarƙashin wani bene a laburare na samu. Wanke ƙafa a wurin wanke hannu na jawo kallo da jiƙa ƙasa, don haka na sayi huffi na fata a shagon Turkawa, in yi alwala a gida in saka, in riƙa shafa. Ran Juma'a kuma in hau tiram zuwa babban masallacin Ehrenfeld. Tun Oktoban 2022 aka ba su izinin kiran sallar Juma'a da lasifika, minti biyar kacal, ba da ƙarfi ba. Nakan je da wuri in tsaya a harabar don in ji shi a sarari.

Na biyu fita. Kowace rana tsakanin 11:00 da 2:00, ko ana yayyafi, in taka na rabin sa'a, sau da yawa a bakin kogin Rhein. Hasken da kike ganin ba haske ba ne, yana aiki. Likita ta kuma ba ni shawarar shan bitamin D, don fatarmu ba ta samun isasshe daga irin wannan ranar. Tunda na ambaci likita: in zazzaɓi ya kama ki a makonnin farko, ki faɗa da bakinki cewa daga Najeriya kike a gwada maleriya, don ba ita ce ke fara zuwa musu a rai ba. Lambar gaggawa 112 ce, ta likitan dare da ƙarshen mako 116117. Kuma jami'o'in na da masu ba da shawara kan damuwa kyauta. Zuwa wurinsu ba hauka ba ne.

Na uku mutum. Ba taro ba, mutum ɗaya da ke jiranki a wata rana. Jami'a na haɗa masu musayar harshe, aka haɗa ni da wata mai karatun harsunan Afirka, kowace Laraba ƙarfe 4:00, daidai lokacin da duhu ke sauka, mu zauna da shayi, rabin sa'a Jamusanci rabin sa'a Hausa. Ita ta fara ba ni labarin yadda ake koyar da Hausa a jami'o'in Hamburg da Leipzig, ni kuma na gaya mata cewa mutuminsu matafiyi Heinrich Barth, da ya shiga Kano a 1851, Abdulkarim ya kira kansa a ƙasarmu. Ta sha wuya da ɓ da ɗ, na rama abin da ü ta yi mini. Bajamushe ba ya saurin sakin jiki, ba ya jero miki ina kwana ina gajiya ya mutan gida, amma in ya ce Laraba ƙarfe 4:00, to Laraba ƙarfe 4:00.

Za a kalle ki a tiram, da hijabi da baƙar fata, wani kallon na son sani ne wani na ƙi. Sau ɗaya wani tsoho ya faɗa mini maganar da ban gane ba, amma na gane fuskar matar da ke kusa da shi, wadda ta tashi ta dawo gefena ta zauna har na sauka. In namiji ya miƙo hannu kuma ba kya musabaha, ki ɗora hannu a ƙirji ki yi murmushi tun kafin nasa ya iso, yawanci a nan take ƙarewa.

Ranaku uku ki sa musu alama. 11 ga Nuwamba da ƙarfe 11:11 ake buɗe bikin Karneval, titunan kusa da jami'a su cika maƙil da mutane cikin shigar dodanni da kwalabe a hannu, a sake yi da ƙarfi a Fabrairu ko farkon Maris. In ba kya son turmutsutsu ki yi cefane tun jajibiri. Hutun Kirsimeti gida zai watse, kowa ya tafi wurin iyayensa, kantuna su rufe 25 da 26 ga Disamba, don haka ki shirya inda za ki tun da wuri, ni wurin Antin Kumasi na yi kwana uku. Sai daren sabuwar shekara. Ƙarfe 12:00 gari ya kaure da ƙarar abin wasan wuta ta ko'ina. Duk wadda ta taɓa kwana tana jin harbi a gida ta san abin da ƙirjina ya yi kafin in tuna inda nake.

Waya

A hunturu agogon Jamus da na Najeriya ɗaya ne, wannan alheri ne kuma tarko. Kina iya wuni a WhatsApp kina bin duk abin da ake yi a gida, jikinki a Kolon ranki a Ƙofar Nasarawa. Na yanka wa Umma bayan isha'i, kullum, minti goma sha biyar, sauran jama'a Lahadi. Ki daina mayar da farashi Naira a ka, in ba haka ba ko burodi ba za ki saya ba. Masu cewa a turo musu wani abu tunda an shiga Turai, ki gaya musu gaskiya tun farko cewa kuɗin tallafi na haya da abinci ne. Wasu za su ji haushi. Su huce.

Haɗa kaya

Fita ma da takardunta. Ki soke rajistar zama a ofishin da kika yi ta, ki aika wa masu inshora da masu harajin rediyo shaidar sokewar, in ba haka ba lissafi ya ci gaba da hawa a sunanki. Ki goge ɗaki tas, ki ɗauki hotuna, a duba a gabanki kafin ki miƙa makulli. Kada ki rufe asusun banki sai kuɗin ajiyar ɗaki sun dawo, nawa sai da suka yi mako bakwai. Ki tambayi ofishin baƙin ɗalibai yadda za a aika takardar sakamakonki gida, ki riƙe imel ɗin mutum ɗaya da za ki riƙa tuntuɓa.

Azumi ya kama ran 11 ga Maris, na yi kwana biyar na farko a can ina shan ruwa wajen 6:30 cikin sanyi, na ƙarasa sauran a zafin Kano, ina kwance a kan tayil ina tambayar kaina wai ni ce na yi kuka don rashin rana. Umma ta ce na rame, ta kuma ce na koyi saurin tafiya kamar wadda ake bi bashi. Na yi mako biyu ina tara robobin ruwa a bayan ƙofa kafin ƙanena ya tambaye ni na mene ne. Ranar da muka koma makaranta, malam ya gama lakcarsa ta farko ya rufe littafi, na dunƙule hannu na ƙwanƙwasa benci sau huɗu. Aji gaba ɗaya ya juyo. Malam ya sauke tabarau ya ce, "Malama, akwai tambaya ne?"